Awon Batir da Inbata a Ɗakin Binciken Jami'a: Abin da Mai Sana'ar Sola a Legas Zai Samu

Wasu daga cikin manyan makarantun Legas da ke koyar da injiniyan lantarki suna da ɗakunan bincike waɗanda ba ɗalibai kaɗai suke yi wa aiki ba, domin ɗan kasuwa ma yana iya kai kayansa a auna masa, ya biya, a ba shi sakamako a rubuce da sa hannu da hatimi. Yawancin 'yan uwanmu da ke sana'ar sola da gyaran kayan wuta a Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago ba su san da wannan hidima ba, waɗanda suka ji labarinta kuma suna ɗauka cewa ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai ga mai takardar boko. Ni sana'ata haɗa sola da sayar da kayanta a Agege, kuma na yi hulɗa da ɗaya daga cikin waɗannan ɗakuna a kan batura da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wutar gida) da na'urar daidaita caji da farantan sola. Ra'ayina shi ne, duk wanda yake sarin kaya masu yawa ya kamata ya ɗauki kuɗin awo a matsayin wani ɓangare na jarinsa, amma wanda inbatarsa ta mutu yau kuma yake son ta tashi gobe, wannan ba wurinsa ba ne.

Manyan makarantun gwamnati da ke da wannan fanni a jihar sanannu ne: Kwalejin Fasaha ta Yaba wadda ta samo asali a 1947, da Jami'ar Legas da ke Akoka wadda aka kafa a 1962, da Jami'ar Jihar Legas ta 1983 wadda sashenta na injiniya yake Epe. Ba zan kama sunan wadda na je ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma ba na son a ɗora wa makaranta ɗaya laifin da tsarin jami'o'inmu gaba ɗaya ya haifar.

Buƙatar awo ta ƙaru ne tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, masu shagon cajin waya da masu ƙanƙara da masu aski suka fara lissafin abin da janareta yake ci musu a wata. A watan Afrilu 2024 kuma hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, kafin daga baya a ɗan rage. Jama'a suka karkata ga sola, kwantenoni suka yi ta sauka, kuma da yake darajar naira ta faɗi a daidai wannan lokaci, mai saye ya koma neman mafi araha. A irin wannan kasuwa abin da aka rubuta a jikin kwali shi ne kaɗai shaidar da ke hannun mai saye da mai sayarwa. Sayen batir ta haka daidai yake da sayen hatsi a ɗaure cikin buhu ba tare da mudu ba, ga shi kuma ni ne nake tsayawa gaban kwastoma, ni zai nema idan firizarsa ta mutu da ƙarfe biyu na dare kifinsa ya lalace, ba masana'antar da ke ƙetare ba.

Shiga wurin shi ne mafi wahalar al'amarin. Babu allo a bakin ƙofa da ke cewa ana karɓar aikin mutanen waje, babu kuma jerin farashi a manne. Sai an rubuta wasiƙa da Turanci zuwa ga shugaban sashe, an bayyana kayan da irin awon da ake so, shi kuma ya tura wa babban jami'in ɗakin gwaje-gwaje ya ƙiyasta kuɗin. Ba a karɓar kuɗi a hannu, ana biya ne ta banki cikin asusun makaranta a kawo rasit. Wannan tsari yana da kyau ta fuskar amana, domin ba wanda ya nemi in ba shi na goro, amma yana cin lokaci ƙwarai, kuma takarda tana iya kwana a tebur saboda mai sa hannu yana taro ko yana duba jarrabawa. Tsakanin rubuta wasiƙa da fara aiki an shafe makonni. Ga mutumin da zai rufe shago ya ratsa cunkoson Oshodi da batir mai nauyin kusan kilo 60 a bayan mota, kowace komawa asara ce.

Da aka wuce wannan mataki sai al'amari ya sauya. Wanda ya karɓi aikin dattijo ne Bayarabe, ba farfesa ba ne, yana cikin ma'aikatan fasaha da ke riƙe da na'urorin ɗakin, kuma a ganina su ne ƙashin bayan wurin. Kafin ya taɓa komai sai da ya tambaye ni abin da kwastomomina suke kunnawa, da awa nawa suke so wutar ta yi, da inda ake ajiye baturan, ko cikin shago mai rufin kwano ne ko a ɗaki mai iska. Ya sa aka rubuta wa kowane kaya lamba, aka ɗauki hoton rubutun da ke jikinsa, aka ɗora baturan a sikeli. Ya ce mini, "Alhaji, batirin dalma nauyinsa shi ne shaidarsa ta farko, idan biyu suna da rubutu iri ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya sauƙin ɗauka sosai, to ka riga ka san inda aka rage." Ɗakin kansa ba na alfarma ba ne. Akwai tsofaffin na'urori da aka rufe da leda, akwai kuma sababbi masu tambarin TETFund, asusun da dokar 2011 ta kafa wanda ake tara kuɗinsa daga harajin ribar kamfanoni domin manyan makarantun gwamnati.

Awon batir shi ne aikin da ya fi amfanata, kuma shi ne abin da ba a iya yi a shago. Mu a kasuwa mita muke ɗorawa, idan ta nuna bolt 12.7 ko kusa da haka sai mu ce batir lafiya lau. Wannan awo yana nuna cewa batirin yana da caji a wannan lokaci, amma ba ya faɗin yawan wutar da zai iya riƙewa, domin batirin da ƙarfinsa ya ragu da rabi ma yana iya nuna wannan lamba idan an cika shi. A ɗakin binciken sai da suka cika batirin tsaf, suka bar shi ya huta, sannan suka haɗa shi da wata na'ura da ke jan wuta daidai gwargwado ba ragi ba ƙari, tana rubuta abin da ke faruwa a kwamfuta har sai batirin ya sauka zuwa bolt 10.5. Batirin da aka rubuta wa 220Ah a bisa awon awa 20, ma'anarsa shi ne zai iya ba da amfiya 11 har tsawon awa 20. Idan ya gaza a awa 14, to abin da ke cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, kuma babu gardama a kai. Iri biyu na kai. Ɗaya ya kusa cika alkawarinsa, ɗayan kuma, wanda ya fi araha kuma ya fi tafiya a wurina, ya ba da kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka rubuta masa, kuma shi ne wanda sikeli ya nuna ya fi sauƙi tun farko.

Abin da na ƙara fahimta a wurin ya wuce maganar jabu da na gaske. Lambar da ke jikin batirin dalma tana tabbata ne idan ana jansa a hankali, amma idan aka ɗora masa lodi mai nauyi, kamar firiza biyu da fanka da talabijin a lokaci guda, abin da zai bayar yana raguwa ko da batirin na ƙwarai ne. Sannan ba a son a riƙa sauke shi ƙasa da rabi idan ana so ya daɗe. Batir mai bolt 12 da 200Ah a lissafi yana ɗauke da wat 2400 na awa guda, amma abin da ya kamata a yi wa kwastoma alkawari kusan rabin haka ne, a kuma cire abin da inbata take ci da kanta. Zafi ma yana da nasa: ƙa'idar da masana suka sani ita ce rayuwar batirin dalma tana raguwa da kusan rabi a duk ƙarin zafi na digiri 8 zuwa 10 sama da digiri 25, alhali shagunanmu na kwano a Legas sukan wuce digiri 30 da rana. Rigingimu da yawa tsakanin mai haɗa sola da kwastoma daga nan suke tasowa, ana zargin kaya alhali alkawarin da aka yi ne ya fi ƙarfin kayan.

Batirin litiyam kuwa sai da suka nemi izinina a rubuce kafin su buɗe akwatinsa, suka kuma gargaɗe ni cewa buɗewar tana iya soke garanti. Irin da ya cika kasuwa yanzu kowane ƙwaya a cikinsa bolt 3.2 ne. Idan ƙwayoyi 16 aka jera, ana samun bolt 51.2, kuma da 100Ah zai riƙe kilowat 5.12 na awa guda. Idan 15 ne, bolt 48 ke nan da kilowat 4.8. Dukansu biyu a bakin 'yan kasuwa "mai kilowat biyar" ake ce musu, ana kuma sayar da su kusan kuɗi ɗaya. Nawa mai ƙwaya 15 ne. Wannan ba jabu ba ne, amma dole a saita inbata daidai da shi, domin idan aka saita ta a kan cajin mai 16, allon da ke kare batirin zai riƙa katse wuta, mai gida ya ɗauka inbatar ce ta lalace. Sun auna kowace ƙwaya ita kaɗai, suka nuna mini cewa biyu daga ciki suna saurin sauka fiye da sauran, kuma a irin wannan jeri ƙwaya mafi rauni ita ce take yanke wa batirin duka iyakarsa.

A kan inbata, gani ya kori ji. Suna da na'urar da ake kira osiloskop, wadda take zana yanayin wuta a fuskar gilashi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma zanenta yana hawa yana sauka a hankali ba tare da kusurwa ba. Inbata mai kyau haka zanenta yake fitowa, mai arha kuma takan fito da zane mai hawa-hawa kamar matakala, wanda shi ne yake sa fanka ta riƙa kuka, injin firiji ya riƙa zafi har ya ƙone kafin lokacinsa. Tawa ta fito da zane mai kyau ba tare da lodi ba, da aka ɗora mata lodi sosai kuma sai ƙololuwar zanen ta ɗan baje, abin da injiniyan ya ce bai kai na damuwa ba. Ya kuma bayyana mini abin da ya kamata kowane mai wannan sana'a ya haddace, wato bambancin kVA da kilowat. Inbatar da aka rubuta wa 3.5kVA, idan masu ƙera ta sun yi lissafi da 0.8 kamar yadda aka saba, ainihin abin da za ta ɗauka kilowat 2.8 ne. Injin firiza kuma a lokacin tashi yana jan wuta ninki da yawa na abin da yake ja idan ya daidaita, shi ya sa inbatar da a takarda ta isa takan yi ƙara ta mutu idan firiza biyu suka tashi tare. Sun auna har wutar da inbatar take sha tana kunne ba a haɗa mata komai ba, wadda a dare guda takan cinye wani kaso na batirin ba tare da kowa ya lura ba.

Na'urar daidaita caji ba ta ɗauki lokaci ba. An rubuta mata MPPT, wato irin babban aji da ke ƙara yawan amfiyar da ke shiga batir daga farantin sola, amma da aka buɗe ta babu babban naɗin waya da irin wannan na'ura ba ta aiki sai da shi, kuma wutar da ke fita ba ta fi wadda ke shiga yawan amfiya ba. Ta ƙaramin aji ce aka sa wa babban suna.

A kan farantan sola ne hidimar ta gaza, kuma sun faɗa mini haka tun kafin in biya. Lambar da ke bayan faranti ana samun ta ne a ƙarƙashin haske mai ƙarfin wat 1000 a kan kowace murabba'in mita da zafin digiri 25, kuma tabbatar da ita yana buƙatar na'urar da ke kwaikwayon hasken rana a cikin ɗaki, wadda ba su da ita. Abin da suka yi shi ne hawa da farantan saman bene da tsakar rana, suka auna ƙarfin hasken da zafin farantin, suka yi lissafi. Da hadarin Legas da ke zuwa yana wucewa, sakamakon ƙiyasi ne, kuma haka suka rubuta a rahoton. Ya isa ya nuna farantin da aka yi wa ƙarya mai yawa, amma bai isa a kafa hujja da shi a kan ƙaramin bambanci ba. Na yaba da wannan gaskiyar, ko da yake ina ganin kuɗin wannan ɓangare ya kamata ya fi haka sauƙi.

Rahoton ya zo a shafuka kaɗan, da jadawali da zane da sunan na'urorin da aka yi amfani da su. Ba takardar shaidar inganci ba ce irin ta SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, kuma an rubuta a ƙasansa cewa sakamakon ya shafi kayan da aka kawo ne kaɗai, ba dukan kwantenar ba. Duk da haka ya yi mini aiki. Mai shigo da kayan da nake sara a wurinsa ya karanta, ya yi gardama a kan cewa samfuri ɗaya ba ya wakiltar sauran, amma a ƙarshe ya karɓi ragowar baturan nan masu sauƙin nauyi ya musanya mini da ɗaya irin, na cika kuɗi. Da baki kawai na je masa da ƙorafin kwastomomi, da amsar da zan samu ita ce sun ɗora lodin da ya fi ƙarfi, kuma ba ni da abin da zan musa da shi. Abin da na kashe a awon gaba ɗaya bai kai kuɗin batir ɗaya ba.

Wajibi ne a bambanta wannan wuri da masu gyara na Computer Village da ke Ikeja ko na kasuwar Alaba International da ke Ojo, domin kowannensu da aikinsa. Yaran da ke gyara a can, har da 'yan Arewa da yawa, hannunsu ya fi sauri, sun ga lalacewa iri ɗaya sau da yawa har sun san taransiston da ya ƙone tun kafin su ɗora mita, ga kayan canji a shagon da ke maƙwabtaka da su. A ɗakin jami'a babu kayan canji a ajiye, idan ana buƙatar wani abu kai za a tura ka sayo. Abin da ma'aikatan ɗakin jami'ar suka fi shi ne gano dalili. Akwai wata inbata da ta ƙone fiye da sau ɗaya a wurin wani mai ƙanƙara da ke kusa da bakin ruwa, ana canja abin da ya ƙone tana sake ƙonewa. Su ne suka duba allon da madubin ƙara girma suka ga tsatsa a ƙafafun ƙananan kayan da ke ba taransistocin umarni, wadda danshi da gishirin iskar teku suke jawowa, suka ba da shawarar a wanke allon a shafa masa maganin kariya, a kuma sauya wurin ajiyar. Gyaran kansa a kasuwa aka yi shi.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da ɗakin, wanda ya wuce aikin da na kai. A kan kantocin bango an jera na'urorin da ɗalibai suka ƙera domin kammala karatu: mai katse wuta idan ta yi ƙasa ko ta yi sama, mai sauya layi tsakanin wutar gwamnati da janareta da kansa, mai aika saƙo a waya idan batir ya kusa ƙarewa. Wasu daga cikinsu su ne ainihin abin da kwastomomina suke nema, kuma nakan sayo irinsu na ƙasar Sin da tsada. Na tambaya ko za a iya ƙera mini mai katse wutar da yawa in sayar, aka ce mini fasahar tana nan, amma allon da ake jera kayan a kai sai an aika an buga shi a waje, kayan ma daga waje suke zuwa, kuma babu wani tsari a sashen na karɓar odar ɗan kasuwa ko raba riba da ɗalibin da ya yi aikin. Ɗalibi ya samu makinsa ya tafi bautar ƙasa, na'urar ta zauna tana tara ƙura. Wannan yana ba ni takaici matuƙa, domin kuɗin jama'a ne ya koyar da yaran, kasuwar da ke jiran aikinsu kuma tana cikin garin nan.

A wasu ƙasashe an warware wannan matsala da tsari. Cibiyoyin Fraunhofer na Jamus, waɗanda ƙungiyarsu ta kafu a 1949, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'o'i, kuma gwamnati tana ba su kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai a matsayin kuɗin tushe, sauran sai sun nemo ta hanyar kwangilar bincike daga kamfanoni da hukumomi. Cibiyarsu da ke Erlangen, tare da jami'ar garin, ita ce ta jagoranci samar da fasahar MP3 da muke sauraron karatu da wa'azi da ita a wayoyinmu. Cibiyar da dole ta nemo kuɗinta daga masu sana'a ba za ta bar wasiƙar ɗan kasuwa ta yi makonni a tebur ba. Mu ma ba daga yau muka fara ba, domin Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwararta ta Nsukka suna aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980 a ƙarƙashin Hukumar Makamashi ta Ƙasa. Masana muna da su. Abin da babu shi ne tebur ɗaya a bakin ƙofa, da mutum ɗaya mai lambar waya, da farashi a rubuce, da ranar karɓar sakamako.

Wani abin lura shi ne kalandar makaranta. Lokacin jarrabawa da lokacin da ɗaliban shekarar ƙarshe suke haɗa ayyukansu, na'urorin ba sa samun sarari, kuma aikin ɗalibai ne ake gabatarwa. Idan aka shiga yajin aiki kuwa komai yana tsayawa, kuma kowa ya tuna na malaman jami'a a 2022 wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda kayansa suka kwana a ɗakin a irin wannan hali zai sha jira. Rashin wuta ma yana shafar su kamar kowa, domin awon da ke buƙatar awa 20 a jere idan ya katse sai an sake caji an faro daga farko, kuma hakan ya faru da ɗaya daga cikin baturana.

Ta fuskar mu'amala ban ga raini ba. Masu gadi sun yi tambayoyi a ƙofa saboda kayan da ke cikin mota, suka rubuta su a littafi domin kada a samu matsala wajen fita da su. Akwai wurin salla a harabar, ba sai an fita waje ba. Bayani da Turanci da Burokin ake yi, rahoton kuma da Turancin injiniyoyi, wanda zai yi wa da yawa daga cikin abokan sana'armu nauyi. Ni na ci sa'a da wani ɗalibin digiri na biyu ɗan Arewa da ke taimakawa a ɗakin, wanda ya zauna ya bi rahoton layi-layi da ni, yana cewa, "Kawu, wannan layin da ya sauko da wuri shi ne batirin nan mai arha, wannan da ya miƙe kuma shi ne ɗayan." Wannan taimako ba ya cikin abin da na biya, kuma ba kowa ne zai dace da irinsa ba, don haka wanda karatun bokonsa bai yi zurfi ba ya tafi da ɗansa ko ƙanensa da zai karanta masa.

Wanda zai fi cin moriyar wannan hidima shi ne mai sarin batura ko inbata da yawa, da kwamitin masallaci ko makarantar Islamiyya da zai kashe kuɗin jama'a a kan sola, da ƙungiyar 'yan kasuwa da ta haɗa adashe domin sayen kaya iri ɗaya. Ga ƙaramin mai shago, hanya mafi sauƙi ita ce mutum biyar ko shida su haɗa kuɗi a auna nau'in da dukansu suke sayarwa, kowa ya riƙe kwafin rahoton. A sayi samfurin daga cikin kayan da ke kan kanta, kada a karɓi wanda dillali ya zaɓo da hannunsa, kuma idan hali ya yi a kai biyu daga kowane iri domin toshe gardamar da na fuskanta. A rubuta a cikin wasiƙar ainihin abin da ake so, wato awon abin da batir yake riƙewa ta hanyar sauke shi, da zanen wutar inbata a ƙarƙashin lodi, da wutar da take sha ba lodi, domin idan aka rubuta "a duba" kawai za a iya ɗora mita a ba da lambar da kowa zai iya samu a shagonsa. A nemi a faɗi ranar kammalawa kafin a biya, a kuma karɓi takardar da ke nuna lambobin kayan da aka bari. Farantan sola kuwa, sai dai idan ana zargin ƙarya babba, ban ga dalilin biyan kuɗin awonsu a wurin da babu na'urar kwaikwayon rana ba.